Agogon keke mara waya da ya kusa sa a kori yaro daga aiki a Agege

Wannan ɗan agogon da ake ɗaurawa a kan keke yana nuna gudu da nisan tafiya, wanda masu sayarwa ke ce wa kwamfutar keke, in dai mai arhar nan ne mara waya, wato wanda ba igiyar da ta haɗa shi da taya, to ba abin da za ka ɗora hukunci a kansa ba ne, balle ka biya mutum haƙƙinsa da shi. Zan kawo yadda abin ya faru a wani shago a nan Agege saboda na lura mutanenmu da yawa sun koma keke wajen kai saƙo, kuma wasu iyayen gida sun fara sayen abin nan suna lissafin kuɗi da lambar da ya nuna.

Mai shagon wani Alhaji ne dattijo, kilishi yake sayarwa da dambun nama da yaji da zuma, yawancin cinikinsa ta WhatsApp ake yi a kai wa mutum har gida. Da can 'yan acaɓa ke kai masa, to daga 1 ga Yuni 2022 gwamnatin Legas ta hana okada a ƙananan hukumomi shida har da Ikeja, inda kusan rabin kwastomominsa suke, sai kuma aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayu 2023 kuɗin aike ya fi ƙarfin ribar kilishin. Shi ne ya sayi kekuna uku tokumbo ya ba yara uku. Ko ba a faɗa ba ka san keken tokumbo ba a samun su iri ɗaya, abin da ka tarar shi za ka ɗauka: ɗaya dogo ne mai siririyar taya, ɗaya irin mai inci 26 ɗin nan da kowa ya sani, na ukun ƙarami mai inci 24. Dogon aka ba babbansu wani ɗan Sakkwato, na tsakiya wani Bakatsine, ƙaramin kuma aka ba ɗan ƙanwar Alhajin da aka turo daga gida, shi a shagon ma yake kwana.

Ɗan Alhaji da ke karatu a poli shi ya kawo shawarar agogon. Yace maimakon kullum ana musu wa ya fi wahala, a saka wa kowane keke agogo, a ba kowa kuɗin yini sannan a ƙara masa wani abu a kan kowace kilomita, da daddare a rubuta a littafi a mayar da agogon sifiri. A baki shawara ce mai kyau wallahi. Suka yi oda guda uku ta intanet, iri ɗaya, 'yan dubbai kaɗan kowane, a jikin kwalin an jera ayyuka kusan ashirin har da awon zafi da kalori.

Ba a jima ba littafin ya fara kawo abin mamaki. Ɗan ƙanwar nan yana kawo saba'in da wani abu a yini, wata rana har ya haura tamanin, Bakatsinen yana yawo tsakanin talatin da arba'in, ɗan Sakkwaton kuwa da kowa ya san shi ake turawa wurare masu nisa irin su Oregun da Maryland da kyar yake kai ashirin da biyar. Zuwa Ogba ɗaya a dawo, yau agogon yaron ya ce 14 gobe ya ce 23, hanya ɗaya gida ɗaya. Alhaji ya yi nasa lissafin irin na ɗan kasuwa: ko dai yaron nan yana ɗaukar aiken wasu da kekensa, ko kuma yana samun lungu ya kifa keken yana juya tayar gaba da hannu don lamba ta hau. Na biyun ma ya fi yarda da shi don wani ya taɓa gaya masa ana yi. Har ya kira ƙanwar tasa a waya yace ta shirya zai sa yaron a motar Kano.

Ni gyaran waya da ƙananan kayan wuta nake yi a layin, to bayan la'asar ya aiko na zo. Yace, "Malam, don Allah duba min abin nan, ko na'urar ce ke ƙarya ko yaron nan, bana son in ɗauki alhaki kuma bana son a mayar da ni wawa." Yaron na tsaye gefe idonsa ya yi ja, abin da yake ta maimaitawa kawai, "Wallahi Kawu ban taɓa zuwa ko'ina ba sai inda ka aike ni."

Kafin in faɗi abin da aka gano bari in ɗan yi bayanin yadda abin yake aiki, don in ba ka san wannan ba sauran ba zai shiga ba. Agogon nan bai san hanya ba, ba GPS a cikinsa, ƙirga kawai ya iya. Akwai ɗan maganaɗisu da ake ɗaurawa a sifok ɗin tayar gaba, akwai sensa a jikin fok, wato ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba, cikin sensar wata 'yar kwalba ce siririya da ƙarafa biyu a ciki, duk sanda maganaɗisun ya gifta sai su haɗe, sensa ta aika bugu ɗaya ta iska zuwa agogon da ke kan sitiyari. Shi kuma agogon ya ce taya ta juya sau ɗaya, ya ninka da kewayen tayar da aka saka masa, shikenan nisa ya fito, gudun kuma daga tazarar lokaci tsakanin bugu da bugu yake fitar da shi. Matsalar masu arhar ita ce bugun nan ba shi da wata shaida, ba suna ba lamba. Kamar ka ɗaure wa mutum ido ne ka ce ya ƙirga tafin da kake yi a tsakiyar kasuwar Mile 12, duk wanda ya tafa kusa da shi zai ƙirga maka, in kuma hayaniya ta yi yawa naka ma ba zai ji ba.

Na fara da keken yaron. Abu na farko da na gani, kan kekensa ya cika da kaya: agogon a tsakiya, dama da shi manne wata fitila LED mai caji irin mai mataki uku, hagu kuma mariƙin waya, da pawa bank an ɗaure shi da robar tif a ƙarƙashi. Sauran biyun ba su da fitila don su kafin magariba sun tashi, shi da yake a shagon yake kwana duk odar dare shi ke kaiwa. Nace ya kafe keken a kan sitan kada kowa ya taɓa. Na danna agogon ya farka, 0.0. Na kunna fitilar a haske mai ƙarfi, 0.0, ba abin da ya motsa. Na sake dannawa ta koma mataki na biyu mai rage haske, sai ga lamba ta yi tsalle 47, ta koma 62, ta ɗan sauka 58, ta sake hawa, taya kuwa tana tsaye ko motsi ba ta yi, kuma lambar nisan da ke ƙasa tana ta ƙaruwa a hankali 0.02, 0.04, 0.07 muna kallo. Alhaji ya cire tabarau ya goge ya mayar. Na ja fitilar na nisantar da ita kamar kamu biyu, agogo ya koma sifiri, na dawo da ita ya ci gaba da gudu. Da na sa ta a mataki mai ƙyaftawa har 99.9 ya nuna, wanda shi ne ƙarshen abin da fuskar agogon ke iya rubutawa.

Dalilin ba wani sihiri ba ne. Yawancin fitilun LED ɗin nan in ka rage musu haske ba wai wutar suke ragewa ba, kunnawa da kashewa suke yi sau ɗaruruwa ko dubbai a sakan ɗaya, ido baya gani sai ya ɗauka haske ne ya ragu, amma kowace kunnawa tana fitar da 'yar hayaniyar rediyo, kuma agogon yana manne da ita, ya fi kusa da ita nesa ba kusa ba a kan sensar da ke can ƙasa. Pawa bank ma haka, batirin cikinsa bolt 3.7 ne, sai ya ɗaga shi zuwa bolt 5 ta wata 'yar koyil mai kunnawa da kashewa kafin ya caja waya. A keken nan pawa bank ɗin shi kaɗai bai sa lamba ta hau ba, akasin haka ma ya yi, in yana caji ka juya taya sai agogon ya riƙa tsallake wasu juyin. Kaga kenan a keke ɗaya akwai mai ƙari akwai mai ragi.

Yanzu yi lissafi da ni. Bugu takwas kawai a sakan ya isa agogon ya ce kana gudun kilomita sittin da ɗoriya a awa. Yaron nan in ya kai oda estet da daddare masu gadi ba sa barin shi shiga, a get yake tsayawa ya kira kwastoma ya jira, wani lokacin minti ashirin madam ba ta fito ba, shi kuma ya bar fitila a kunne a mataki na biyu don kada caji ya ƙare. Minti ashirin a gudun sittin kilomita ashirin kenan, yana tsaye a get yana korar sauro. In ya yi irin wannan jiran sau biyu a dare to ga arba'in ɗin da Alhaji ke nema.

Abu na biyu a kekensa shi ne saitin taya. Na shiga saitin agogunan duka uku na tarar lamba ɗaya ce a ciki, 2155, wato yadda suka zo a kwali ba wanda ya taɓa, ɗan Alhajin lokaci kawai ya saita. Lambar nan milimita ce, kewayen taya, kuma 2155 na taya mai rubutun 700x32C ne. Tayar yaron an rubuta mata 24x1.75, wadda a jadawalin da masu ƙera agogunan ke bayarwa take kusan 1890. To duk juyi ɗaya agogon yana ƙara masa santimita ashirin da shida da rabi da bai taka ba, kashi 14 cikin ɗari kenan, ko ba fitila in ya yi kilomita talatin da biyar za a rubuta masa kusan arba'in. Ba mu tsaya ga jadawali ba ma, awo muka yi: na sa ya hau keken da kaya a baya yadda yake fita, muka daidaita bawul ɗin tayar gaba a ƙasa tsaf na ja layi da alli a siminti, ya tura a hankali a miƙe har bawul ya sake dawowa ƙasa na ja wani layin, muka aro tef a wajen tela muka auna. Ya ɗan gaza 1890 saboda iskar tayar ba ta cika ba kuma nauyi ya danne ta, wannan lambar da tef ya ba mu ita na saka.

Bakatsinen nashi ba dogon labari. Tayarsa 26x1.95 ce, kusan 2050, to 2155 tana ƙara masa kashi biyar cikin ɗari, amma maganaɗisunsa ya karkace tun wani rami da ya faɗa a hanyar Dopemu, tazarar ta fi milimita biyar da ake so, wani juyin a ƙirga wani a'a. Ƙari da ragin suka kusa cinye juna, shi ya sa lambarsa ta fi kama da gaskiya, sa'a ce kawai.

Wanda aka fi cuta kuwa ba shi ne ya yi ƙorafi ba. Ɗan Sakkwaton tayarsa 700x35C ce, kusan 2168, saitinsa ya kusa daidai, amma kekensa dogo ne kuma an ɗaura sensar can ƙasa kusa da cibiyar taya, na auna daga ita zuwa agogon ya haura santimita tamanin, alhali irin waɗannan ko masu tsadarsu yawanci santimita sittin zuwa saba'in ne iyakarsu. Ga batirin sensar, irin ɗan guntun nan 23A mai bolt 12, na ɗora mita a kai ko goma bai kai ba, bakinsa har ya yi tsatsa saboda ruwan Legas da ya sha tun daga watan Yuni, murfin ba wata robar kirki da za ta hana ruwa. Sai babban abin: agogon in aka bar shi 'yan mintuna ba motsi yana yin barci don kada batirin CR2032 ɗinsa ya ƙare, kuma irin wannan mara wayan in ya yi barci juyin taya baya tashinsa, sai ka danna maɓalli. Ba wanda ya gaya wa bawan Allahn nan. Ya kai saƙo ya tsaya a duba kaya a yi masa transifa, ko ya tsaya sallar azahar, ya hau ya dawo, duk dawowar nan ba a rubuta ba. Nace, "Kai baka ga lambarka ta yi kaɗan ba?" Yace, "Oga ni ai ban san kilomita ba, abin da na'ura ta ce shi ne, Alhaji kuma ba zai cuce ni ba." Wannan maganar ta fi damun Alhaji a kan ta fitilar, na ga yadda ya yi shiru.

Akwai wasu abubuwan da yaran suka faɗa da suka dace da abin da takardun irin waɗannan agogunan ke gargaɗi da kansu, kamar lamba ta haukace in sun bi ƙarƙashin wayoyin hai tanshan, ko kusa da taransifoma. Sannan da yake duka ukun iri ɗaya ne kuma ba shaida a bugun, na jera kekuna biyu kafaɗa da kafaɗa na juya tayar ɗaya, agogon ɗayan ya amsa. Wannan bai cika faruwa ba sai an matsu sosai, amma ai a gosulo ko wajen fakin matsuwar ake yi.

Ɗan Alhajin ya so ya kare shawararsa, yace to ai yanzu an gano, a gyara saiti a canja batir a matsar da fitila shikenan. Ni ban yarda ba kuma na gaya masa dalili. Kuskuren saitin taya kuskure ne mai tsari, kullum kashi ɗaya ne, kana iya komawa littafi ka cire kusan kashi 12 na lambar da aka rubuta ka samu gaskiya. Amma na fitila da na barci da na batir ba su da tsari, yau ƙari gobe ragi, ba ka da hanyar da za ka kalli lambar dare ka san nawa ne na gaske a ciki, kuma ko an gyara yau, batir zai sake rauni, maganaɗisu zai sake karkacewa a ramin gaba, yaro zai sayi sabuwar caja. Ga wanda ke hawa keke don motsa jiki a gadar Lekki-Ikoyi ranar Asabar da safe ba komai, in agogo ya ce ya yi 99.9 sai ya yi dariya ya wuce, amma a nan abincin mutum ne da mutuncinsa ke rataye da lambar.

Ya tambaya to wayar hannu fa, a sa manhajar Strava mai bin sawun tafiya da GPS ko makamancinta. Ta fi wannan kam, don tana nuna inda aka bi a taswira, wanda shi ne ainihin abin da Alhaji ke son sani. Sai dai ita ma tana da nata, tana cin caji, wayoyin Android da yawa in suna son adana batir sukan kashe manhajar da ke aiki a baya sai ka ga an ja miƙaƙƙen layi daga Pen Cinema zuwa Ikeja ta kan rufin gidaje, ƙarƙashin gada kuma sigina na ɓacewa. Agoguna masu kyau marasa waya akwai su, waɗanda ke amfani da ANT+ ko Bluetooth a kan 2.4 GHz, kowace sensa da lambarta, sai an haɗa ta da agogonta kuma baya sauraron kowa sai ita, wasu ma a cibiyar taya ake ɗaure su ba maganaɗisu sam. Amma kuɗinsu wani abu ne, ga shi guda uku za a saya, a kan keken tokumbo da ake ajiyewa a bakin titi. In mutum zai sayi mai arhar dole, to kada ya yarda da kalmar dijital da aka buga a kwali, ya je da fitilarsa da pawa bank ɗinsa, a gaban mai shagon ya kunna agogon ya kanga masa fitilar a mataki mai rage haske, in lamba ta motsa ya ajiye.

Abin da aka yi a ƙarshe, aka cire marasa wayan aka saka masu waya, waɗanda suka fi su arha ma. Shi mai waya bugun ta cikin waya yake bi, fitila ba ruwanta da shi, batir ɗaya ne, kuma yawanci da taya ta juya yake farkawa. Na nannaɗe wayar a jikin kebul ɗin birkin gaba na bar mata ɗan saki a wuya don kada ta tsinke in an juya kai, na saka wa kowa lambar da alli da tef suka ba mu, na nuna musu in ruwa ya dake su su zare agogon su goge ƙarafa biyun da ke ƙasansa don nan ne raunin mai waya. Alhaji ya kira ƙanwarsa yace a bar maganar mota, bai ce wa yaron yi haƙuri da baki ba, ka san manya, amma a gaban kowa yace daga yau kuɗin odar dare a hannunsa za su riƙa kwana. Ɗan Sakkwaton kuma aka zauna da littafin oda, ba na kilomita ba, aka bi adireshi ɗaya bayan ɗaya aka ƙiyasta abin da ya kamata ya samu aka cika masa.

Biyan kilomita dai an soke shi, don ko mai wayan ne in mutum ya ga dama ya kifa keke ya juya taya zai ƙirga masa, wannan ba agogon maganaɗisu da ke da maganinsa. Yanzu unguwa-unguwa ake biya, cikin Agege da Oko-Oba kuɗi ɗaya, Ogba da Ikeja wani, abin da ya wuce nan a yi ciniki kafin a fita. Agogunan kuma ɗan Alhaji ke duba jimillarsu a ƙarshen wata don a san lokacin sa wa kaca mai da canja robar birki.